Ranar da na ƙwace sandar kiɗan Bawa saboda Buhu

Ku da kunka shigo aikin nan bana kuna ta tambayata abin da ke kai ni kusa da makaɗa in ana wasa, alhali aikina wanki ne da ruwa. To ku zauna ku ji. Abubuwa da yawa sun zube mani daga ka, amma ranar da munka karɓi 'yan Illela a filin gidan samari na Konni, wannan kam sai dai a rufe ni da ita.

Lokacin ban daɗe da kama aiki a kulob ɗinmu na ƙwallon kwando ba. Ni ce mai kula da kaya: in wanke rigunan wasa, in cika jarkoki, in shafa wa wanda ya gurɗe man zafi, in zagi wanda ya cancanci zagi. Ban shiga aji ba sai da na aurar da ɗiyata ta fari, ajin manya na maraice. Da hannuna ya faɗa, dokokin wasan nan na fara karantawa, don ban son a yi ihu ina tambayar na kusa da ni abin da ya faru.

Tsarin kulob kuwa haka yake. A sama akwai shugaba, Alhaji Mainasara, mai motocin dakon kaya, shi ke biyan albashi. Ƙarƙashinsa Mushe Isaka mai koyar da 'yan wasa, Mushen nan na Faransanci ne, wato malam. Sai 'yan wasa, sai ni can ƙasa, in ji su.

Ga wanda bai san wasan ba: biyar-biyar ake shiga, wanda ya jefa ƙwallo cikin kwando ya ci. Amma kafin mai jifa ya samu sarari, sai wani ya tsaya kamar katanga ya tare mai gadinsa. In kuma ƙwallo ta daki ƙarfen bakin kwando ta dawo, sai wani ya kutsa cikin gwiwoyin hannu ya ƙwato ta. Wannan aikin ba a rubuta shi a allon maki. Kumburi kawai ake samu.

Mai jifarmu Nasiru ne, ana ce masa Jirgi. Daga Yamai anka ɗauko shi, siriri, rigarsa ko na wanke ƙamshin turare take. Katangarmu kuwa Sanda ne, ana ce masa Buhu, don lodin siminti yake yi a Malbaza kafin Mushe ya gan shi. Rigar Buhu, ɗinki nake fara yi kafin wanki.

Matsalar ita ce Alhaji da kunne yake kallon wasa. Yana zaune a kujerar gaba, waya biyu a hannu, yana faɗa da direbobinsa da ke bakin iyaka. Bawa makaɗi yana gefe da kalangu, duk wanda ya jefa ƙwallo ta shiga sai ya kaɗa ya kira sunansa, kamar yadda ake wa ɗan kokawa in ya yi kaye. Sunan da Alhaji ya ji, shi ne ɗan wasa.

Ana saura kwana kaɗan wasan, Alhaji ya biyo wurin horo ya ce zai ƙaro wani gwani daga Yamai, don haka bayan wasan Illela sai mutum guda ya tafi. Sai idonsa ya faɗa kan Buhu.

"Mushe, wanga ƙato direban wa ne?"

"Ɗan wasanka ne, Alhaji. Ya ma riga Jirgi zuwa."

"Ban taɓa jin sunanshi ba."

Mushe ya buɗe baki zai yi bayani, waya ta yi ƙara, shi ke nan. Buhu kuwa ya ji komai. Yana da mata da yara a Malbaza, kuma bayansa ba zai sake ɗaukar buhu yini guda ba. In an kore shi, tukunyar gidan ce anka sauke.

Ranar wasa fili ya cika, 'yan kabu-kabu har kan katanga. 'Yan Illela suna da wani dogo da ake kira Rimi, aikin Buhu shi ne ya manne masa. Ina! Ƙwallo na shiga hannun Buhu sai na ga ya ɗaga ta sama. Jifa ta farko ta tsallake allon kwandon gaba ɗaya. Ta biyu ta daki ƙarfe ta dawo ta same shi a goshi. Ta uku kuwa kaskon mai ƙosai ta nufa, Allah ya tsare man bai taɓa kowa ba, amma zagin da matar ta yi, ko ni na ƙaru.

Rimi ya samu sake, yana zuba mana kamar mai awo. Jirgi kuma da ba mai tare masa, mutum biyu sunka rufe shi, ya faɗi nan, ya faɗi can, yana ɗaga wa alƙalin wasa hannu. Anka tafi hutun rabin lokaci sun yi mana nisa.

Mushe na ta ihu da Faransanci. Na miƙa wa Buhu ruwa na ce, "Kai, ɗan nan, wa ya gaya maka kai maharbi ne?"

Bai ɗago ba. "Inna, ko ta yaya korata za a yi. Gara in tafi an ji sunana ko sau guda."

Na ajiye jarka na ratsa fili har wurin Bawa, na fizge sandar kiɗansa na soke ta a zanena.

"Inna, lahiya? Abincina ne fa!"

"Daga yanzu ba ka taɓa fatar ga sai na ce."

"Haba Inna. Wanda ya kada ake wa kiɗi, haka munka gada."

"Da ubanka ke kiɗan gayya, wa yake wa? Mai gona da ke zaune gindin gawo, ko mai hauya?"

Ya sosa ƙeya. "Mai hauya."

"To yau mai hauya za ka yi wa."

Na mayar masa da sandarsa, na leƙa na ce wa Buhu, "Koma ka tsaya inda Allah ya ajiye ka. Sunanka kuma ka bar mani."

Anka koma. Rimi ya taho da gudu, ya yi karo da Buhu, ya koma da baya kamar ya daki gini. Na mintsini Bawa. "Kaɗa!" Bawa ya dubi allo, ba abin da ya ƙaru, ya dube ni, ya ga fuskata, ya kaɗa. Kuma ɗan gado ɗan gado ne, nan take kirari ya zo masa:

"Buhun Malbaza! Gumi ya jiƙa ka, ka zama dutse!"

Mutane sunka yi ta waige-waige suna neman wanda ya ci. Buhu ya ƙwato wata a sama, na sake mintsini. Kafin a jima 'yan kabu-kabu sun karɓe, Bawa ya ce "gumi ya jiƙa ka", fili duka ya amsa "ka zama dutse!"

Jirgi ya samu sarari ya shiga zubawa. Duk wadda ya ci sai hannun Bawa ya motsa, sai in take masa ƙafa. Jirgi ya riƙa waigowa kamar wanda ya yi sallama anka ƙi amsawa.

Lokaci na gab da cika, sun fi mu da maki ɗaya. Buhu ya ƙwato ƙwallo, ya miƙa, ya ruga ya kafe a gaban masu gadin Jirgi. Su biyun sunka dake shi tare, leɓensa ya fashe, bai gusa ba. Jirgi ya jefa. Ta shiga. Usur ya tashi, kalangu na kiran Buhu.

Alhaji ya cusa wayoyinsa a aljihu, ya zo ya rungume Buhu da jininsa da guminsa. "Ashe kai ne ka ci muna duk wannan! Mushe, shi wancan siririn na Yamai, yau ko sau guda ban ji sunanshi ba. Shi za a sallama."

Mushe ya juyo a hankali. "Inna, ke kinka ɗaura, ke za ki kwance."

Na gyara ɗankwali na tsaya gaban mai biyana. "Alhaji, ka yi haƙuri. Ka fi ni sanin mota, na fi ka sanin murhu. Jirgi wuta ne, Buhu duwatsu. Ka kashe wuta ka ci ɗanye, ka cire duwatsu tukunya ta kife. Duk abin da ka ga allo ya ƙaru Jirgi ya jefa shi, Buhu kuma ya buɗe masa hanya. Yaran nan ba su da laifi. Kai ne ke kallon wasa da kunne."

Na ce a raina, to, an samu wadda za a sallama.

Alhaji ya nuna ni. "Mushe, wa ya ɗauki matar ga aiki?"

"Kai ne, Alhaji."

"To, nan ma ban duba ba." Ya fashe da dariya har hularsa ta zame. Ba a kori kowa ba, gwanin Yamai na biyu kuma bai zo ba. Washegari Jirgi ya kawo mani rigarsa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Inna, don Allah ni ma a riƙa tunawa da ni." Tun daga nan Bawa ke da take biyu, na mai ci da na mai tarewa, ni kuma ina gefensa, don har yau bai iya bambanta su ba.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. Gwani abin so ne, ba shi ba ci. Amma ɗan Adam aikin da ake kaɗa wa ganga yake yi. In kunka bar mai ɗaukar duka ba yabo, wata rana zai ɗaga ƙwallo ya nufi kaskon ƙosai, kuma ba shi ne mai laifin ba.

Buhu ya bar wasa yanzu, yana taimaka wa Mushe da horon ƙanana. Ƙwallayen da ya ci a rayuwarsa ba su cika kwandon wankina ba. Amma ku je tashar Malbaza ku ce "gumi ya jiƙa ka", ku ji ko ba a ƙarasa maku ba.