Ranar da Aka Kusa Mayar Mana da Moɗa

Duk wanda ka tambaya a cikin birnin Daura zai ce maka unguwarmu jiya-jiya aka kafa ta, wai titi ne ya haife ta, da gidan mai da masu faci. Ba haka ba ne, kuma na gaji da ji. Tun ba a san kwalta ba, fataken kanwa da gishiri masu gangarowa daga arewa a nan suke durƙusar da raƙumansu kafin su shiga gari, shi ya sa ake ce mana Zango. Mai musu ya zo bakin rijiyarmu ya sa yatsa a ramin da igiyar guga ta ci a jikin dutse. 'Yan cikin gari suna da Kusugu, ba wanda ya hana su, amma mu ma ba daga sama muka faɗo ba.

Ni kaina ban san haka ba sai wata Lahadi a bazarar da nake aji huɗu na firamare. A gindin tsamiyar bakin hanya akwai randuna uku da aka binne rabinsu cikin yashi, don matafiya. Kowane gida yana da ranarsa ta cika su, yana kuma da moɗarsa ta ƙwarya rataye a jikin tsamiyar. Gidan da ya bari baƙo ya tarar da randa a bushe, ba a yi masa faɗa. Mai unguwa zai sa a kwance moɗarsa a kai masa har gida, shekara guda ba a karɓar ruwansa. Ran nan ranarmu ce, ga kasuwar Mai'adua tana ci, hanya cike da mutane da awaki. Ummata tana jego, aikin ya faɗo kaina. Na cika randa ɗaya, na ce ai ta isa, na jefar da gammo na tafi zauren maƙwabta muna carafke.

Bayan azahar wani tsoho da matarsa daga wajen Kongolam suka iso da tumaki, suka buɗe randunan ba ko ɗigo. Matar ta shiga wani gida ta roƙi ruwa. Baƙo ya roƙi ruwa a Zango! Labarin ya riga ni isa gida. Kakata, Iya, ba ta taɓa ni ba, na ma fi son a ce ta dake ni. Mayafi kawai ta ɗauka ta ce in ɗauki tulu in biyo ta. Mun tarar da mai unguwa har ya kama igiyar moɗarmu.

"Dakata, Mai unguwa," in ji Iya. "Rana ba ta faɗi ba, har yanzu ranarmu ce."

Ya ce ai baƙo ya riga ya roƙa. Ta ce tun zamanin surukinta ba a taɓa kawo moɗa gidanmu ba, ba kuwa a kan wannan mai ƙafar yawon za a fara ba. Sai ya ce idan randuna uku suka cika kafin kiran la'asar, ya bari.

Ba wanda ya taya ni daga maƙwabta, don ranar gida ta gida ce. Iya ta zauna a bakin rijiya tana ja mini guga, kowane sawu ta ba ni guntun labari: inda raƙuma suke kwana, inda ake jibge kanwa, da yadda surukinta, bafatake ne shi ma, ya sha ruwa a tsamiyar nan ya ce ya ga wurin zama. "Ba sarki ya tara unguwar nan ba," ta ce, "ruwa ya tara ta." Wuyana ya sage, zanena ya jiƙe, ina tafiya ina kukan haushi. Ladan yana gyaran murya na juye tulun ƙarshe. Baƙuwar nan, da ke hutawa a gindin tsamiyar, ta ɗebo da moɗarmu ta sha, ta ce, "'Yar nan, ruwanki ya makara, amma da sanyinsa." Mai unguwa ya saki igiya ya tafi masallaci.

Yanzu babura ba sa tsayawa, kowa da ledar ruwansa. Randuna biyu sun fashe, gidaje kaɗan ne ke cika ta ukun. Tun rasuwar Iya gidanmu ya daina, ba kuma wanda ya kawo mana moɗa, don ba wanda ya lura. Wannan ya fi yi mini ciwo. Jiya na je wurin sabon mai unguwa na ce a mayar mana da Lahadi. Ya ce wa zai ɗebo, na ce ni da 'yan matan yayata biyu, ko sun so ko sun ƙi. Gobe da safe zan je wurin maginan tukwane in zaɓo randa.