Lorna Vangen, Wadda Ta Ware Ƙuri'ar Mijinta

Kafin motar kwasar madara ta iso, Lorna Vangen ta gama tatsar shanunta. Ta canza takalmi, ta kama hanyar zauren ƙauyenmu na Tolvang da fulas ɗin kofi a gefenta. In dusar ƙanƙara ta toshe ƙofa, ita ke share ta da shebur, don wanda aka ɗora wa aikin ba ya tashi sai rana ta haska masa ido. Daga nan sai tebur: wannan na neman takardar lasisin karensa, wancan na ƙarar maƙwabci kan shinge, wata kuwa kofi da gulma kawai suka kawo ta. Shekara talatin da wani abu tana magatakardar ƙauyen nan, ranar zaɓe kuma ita ce shugabar rumfa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye mabuɗi, shi ya sa na ce bari in yi magana tun tana ji da kunnenta, ko da za ta harare ni a coci.

Mun gan ta a kan tarakta tana kai akwatin zaɓe ranar da motoci suka kasa fita. Mun gan ta ta mayar da Fasto bakin ƙofa ya cire hular da ke ɗauke da sunan ɗan takara. Amma ba waɗannan suka sa ni rubutu ba.

A ɗaya daga cikin zaɓukan shugaban ƙasa da jiharmu ta Wisconsin ta rabu biyu, 'yan jam'iyya mai launin ja da 'yan mai launin shuɗi kai da kai, ƙasar duka ta zuba mana ido. Allunan 'yan takara suka cika bakin gonaki. Maƙwabtan da ke aron tarakta a tsakaninsu suka daina ɗaga wa juna hannu.

Mijinta Arvid ɗan ja ne na ga-ni-kashe-ni. A shekarar ciwon huhu ya kwantar da shi, sai ya yi zaɓensa daga gado ta hanyar aika ƙuri'a a ambulan. Ya cike takardar, ya liƙe da kansa, ya sa hannu a baya.

"Lorna, wannan ce ta ƙarshe. Ki tabbata ta shiga."

"Za ta shiga."

"Ki ce kin yi alkawari."

"Na yi alkawari, tsoho. Kwanta ka huta."

Ranar Lahadi ya cika. Zaɓe Talata, jana'iza Alhamis. Doka kuwa a jiharmu a fili take: wanda ya rasu kafin ranar zaɓe, ba a ƙirga ƙuri'arsa. Lorna ta fi kowa sanin haka. Ta kuma san cewa da zarar an farke ambulan an tura takardar cikin na'ura, ta gauraya da sauran ke nan, babu mai iya tsamo ta.

An ce ta zauna a gida ta yi makoki, ta ƙi. Da rana, layi ya yi sauƙi, aka kawo kwandon ambulan. Yadda muke yi, shugabar rumfa ta ɗaga kowace ɗaya, ta kira sunan mai ita da ƙarfi, wakilan ɓangarorin biyu su ji, sannan a farke. Wakilin 'yan ja Delmer ne, ƙanen Arvid, wanda tun ranar aurenta suke tsokanar juna. Wakiliyar 'yan shuɗi Rhoda Pagel ce, malamar makaranta mai ritaya, wadda ko ɗigo ba ya wuce ta. Ni ina cikin layi, kuma wallahi babu wanda ya tafi bayan ya jefa tasa. Sunaye na tafiya bi da bi, na Vangen yana can ƙasa, kowa na jira.

Ta taɓo ta. Ta gane rubutun tun kafin ta ɗaga, harafin farko ya karkace inda tari ya kama shi. Ta ɗaga ta.

"Arvid Vangen," in ji ta.

Ba ta farke ba.

Delmer ya matso, ya rage murya. "Matar Yaya, farke mana. Da ransa ya cike ta, da hankalinsa. Kwana biyu ne fa kacal."

Duk muka juya wajen Rhoda, don ita ce za ta ɗaga hannu ta ce ba ta yarda ba. Sai matar nan ta cire tabarau ta shiga goge shi da gefen riga.

"Ni ban ji komai ba," in ji Rhoda. "Kunnena ya tsufa. Mutumin da ya ja motata daga rami cikin sanyi, bai tambaye ni launina ba. Ki sa masa, Lorna."

Nan abin ya yi nauyi. Da Rhoda ta hana, da Lorna ta samu bayan da za ta ɓuya, ta ce ba ita ba ce. Yanzu ja da shuɗi sun haɗa baki a karon farko cikin shekarar, ɗakin duka ya yarda a kau da kai, alkawari kuma na kanta. Ta tuna sauran ambulan da ta ware da hannunta a shekarun baya, har da ta tsohuwar da 'ya'yanta suka yi kuka a wannan teburin. Me za ta ce musu in sun haɗu a kanti?

"Na gode, Rhoda," in ji ta. "Amma ni na ji. Ni na rufe masa ido."

"Kin yi masa alkawari!" Muryar Delmer ta tashi. "A gabana! Ina tsaye a bakin ƙofa!"

"Na yi."

"To?"

"To ban cika ba, Delmer. Koma kujerarka, wakili ba ya wuce layin nan."

"Yana kwance ba a ko binne shi ba, ke kina maganar layi? Haba! Wace irin zuciya ce da ke?"

Ta jawo ambulan ɗin gabanta. Ta ɗauki biro. Ta rubuta a bayan ambulan cewa mai ita ya rasu, ta faɗa da ƙarfi yadda doka ta ce, ta sa ta a jakar waɗanda aka ƙi. Delmer ya ture kujera ya fita, ƙofa ta bugu har tagogi suka amsa. Ita kuwa ta miƙa hannu cikin kwando ta kira suna na gaba, hawaye na sauka kan takardun, ba ta share ba.

Ranar Alhamis Delmer ya ɗauki gawar ɗan'uwansa, amma bai zauna cin abinci a coci ba. Har yau bai taka gidanta ba. Zafin wannan, Lorna, ke kaɗai kika san shi.

Jihar ta tafi da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ƙasa ta ɗauki hayaniya, kowa na zargin kowa. Makonni bayan nan wani baƙo mai sayar da abincin shanu ya zauna a mashayar ƙauye yana cika baki, wai masu ƙirga ƙuri'a duk ɓarayi ne, ko'ina suna cusa wa nasu. Delmer na gefe. Ya ajiye kofinsa.

"Kai, malam, ban da Tolvang. Ni har gobe ban yafe wa matar nan ba. Amma wadda ta fitar da ta mijinta, ta wa za ta cusa?"

Baƙon ya biya kuɗinsa ya tafi.

Ke ce, Lorna, mai hannu ɗaya ga kowa. Ke ce dalilin da ya sa a ƙauyen nan wanda ya faɗi zaɓe yake komawa gida da baƙin cikin faɗuwa kawai, ba da zargi ba. Mun gode, kuma mun san ba a banza kika ba mu wannan ba.

Kujerarta za ta zama fanko. Matasan Tolvang, ku fito ku nema, aikin na buƙatar ku. Amma kafin ka karɓi mabuɗin, zauna ka tuno mutumin da ka fi ƙauna a duniya, ka ga sunansa a bayan ambulan, ɗaki duka yana ce maka farke.