Rigar da ta fi datti

Ranar Lahadin da ta wuce maƙwabtana a unguwar Abu Hail ta Dubai suka shanya rigunan ƙwallonsu a barandar da ke kallon tawa, sha ɗaya reras, iska ta kwaso min ƙanshin sabulu. Na tsaya da kofin shayi a hannu, kunya ta rufe ni, alhali ba wanda ya ce min uffan.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ne mai wankin rigunan ƙungiyar garinmu tun kafin a haife ni. Amma ba ya shiga fili, wai zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. In an tashi wasa sai a kawo masa rigunan a buhu, ya zazzage su a bakin rijiyar gidanmu, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. A nan yake kallon nasa wasan. Da damina jar lakar filinmu ba ta rufa wa kowa asiri. Ya ga gefen da mutum ya faɗi, ya ga inda aka ja masa wuya, ya shinshina ya san wanda ya yi gumi da wanda ya je shan iska.

"Lamba tara bai buga ba yau," in ji shi. "Dubi rigarsa, kamar ya dawo daga ɗaurin aure."

Ina jan guga ina dariya, don ni na je filin, kuma gaskiya ya faɗa. Ranar da aka lallasa mu ya fi daɗewa a kan baho. Ban taɓa jin ya zagi ɗan wasa ba, sai dai ya ƙara sabulu.

Da na girma na buɗe shafi a intanet ina rubuta labarin kowane wasa, ina rufewa da rigar da ta fi datti. Lokacin yanar ido ta riga ta rufe wa Kawu gani, ya bar wanki, ƙanwata ce ke karanta masa. Ko da aiki ya kawo ni Dubai ban fasa ba, akwai masu haska wasan da waya, bayan magariba sai in zauna in kalla.

Sai ƙungiya ta faɗa rukunin ƙasa. A ofishinmu na kaya a unguwar Port Saeed nan Dubai tsiya ta ishe ni, kowa da ƙungiyarsa ta Turai, ni da 'yan garinmu da ake ci kamar tuwo. Na ce aiki ya yi yawa. Ƙarya ce, kunyarsu nake ji. Shekara biyu ban rubuta ko layi ɗaya ba, ban kuma taɓa tambayar kaina me ake karanta wa tsoho ba.

Ranar Lahadin nan na kira gida. Ƙanwata ta yi ƙasa da murya ta ce tsofaffin rubuce-rubucena take maimaita wa Kawu duk mako, tana canza sakamakon wasan, don kada ya san na daina. Ashe yana kusa. Ya ce ta miƙo wayar.

"Ɗan nan, ka sallami yarinyar nan ta huta. Kullum lamba huɗu ne ya fi datti. Lamba huɗu ya bar ƙwallo tun bara waccan, faci yake a tasha, shi ke kawo min goro."

"Kawu, ka yafe ni."

"Ni me ka yi min? Yaran ne dai ba wanda ke duba rigarsu."

Jiya na kalli wasa, aka ci mu uku ba ko ɗaya. An shimfiɗa wa filin ciyawar roba, laka ta tafi, wanki ma inji ke yi. Na rasa rigar da zan zaɓa. Sai na buɗe akwati na ciro tawa rigar ƙungiyar, wadda Kawu ya wanke min da lalube ranar da zan taho. Har yanzu tana nan a ninkin da ya yi mata. Na rubuta sakamakon yadda yake, na rufe da cewa ban ga rigar da ta fi datti ba, amma na san wadda ta fi kowacce tsabta, tana Dubai.

Da safe ƙanwata ta turo min muryarsa.

"Ce masa ya saka ta. In ta yi datti ya aiko, hannuna bai makance ba."