Zare da buhunan masara

Har yanzu ranar Alhamis ɗin da Madam Rifkatu ta durƙusa a gaban motar Hamidu ba ta fita daga raina ba, ko da yake a lokacin haushi kawai ta ba ni.

Na yi aiki a garejin motocin gwamnati a Yola tun ina koyo har na kai foman, wato mai kula da makanikai da raba musu aiki. Da na yi ritaya sai na buɗe ɗan gareji a Jambutu. Abin da aka san ni da shi shi ne alaimen, saita ƙafafun mota su fuskanci hanya daidai. Ban taɓa mallakar na'ura ba. Gwangwanaye huɗu gare ni cike da siminti, kowanne da ƙarfe a tsaye. In ajiye su a kusurwoyin mota, in ja zare ta kowane gefe, in ɗaure sitiyari, sannan in auna da rula daga zare zuwa bakin wili, wato ƙarfen da taya ke kai, gaba da baya. Idan awon biyu ya yi yadda ake so, ƙafa ta zauna. Na sha cika baki cewa kwamfuta ba ta kai zarena ba, kuma sau da yawa gaskiyata ce.

Hamidu ɗan yayata ne, Adda Mairo, shi kaɗai ne namiji a ɗakinta. Direban wani kamfanin ruwa ne, amma ransa na wajen tseren mota da samari ke yi da rani a wani fili can bayan hanyar Malkohi. Na yi faɗa har na gaji. Da na ga ba zai bari ba, sai na ce gara motar ta bi ta hannuna da ta bi ta hannun wani.

Ranar Laraba ya kawo ta. Ya riga ya kai wa mai walda an yanke sifirin na gaba, mota ta yi ƙasa kamar za ta lashi hanya. Ya miƙo mini takarda da ya buga daga intanet, cike da lambobi: yadda taya za ta kwanta ciki, da yadda bakinta zai buɗe.

"Kawu, haka masu tsere na waje suke saitawa. Ranar Asabar za mu fita."

Na ɗauki aikin da girman kai. Wuni guda na yi a kai, ban bar zare ba sai da kowace lamba ta zo daidai da takarda. Ya zaga da ita a kwalta, ya dawo yana washe baki. Na ce ya bar ta ta kwana, gobe in ƙara ɗaure ƙusoshi.

Washegari da hantsi Madam Rifkatu ta kawo motarta a canja shokazoba. Malamar koyar da kanikanci ce a wata makarantar fasaha, 'yar kudancin jihar nan, tana zaune a Karewa. Mun saba, muna tsokanar juna: ni in ce mata makanikin allo, ita ta ce mini injiniyan zare. Tana zaune a benci sai idonta ya kai kan motar Hamidu, da zaren da na mayar a jikinta. Ta tashi, ta tattare zani, ta durƙusa tana leƙen ƙasan ƙafar gaba. Ta daɗe a haka.

"Oga Buba, waye ya yanka sifirin na motan nan?"

"Mai shi. Ni saiti kawai na yi, kuma ya zauna. Ga rula, auna da kanki."

"Na yarda ya zauna a tsaye. Ka auna shi lokacin da ya durƙusa?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata tun ba ta san sufana ba nake wannan aiki. Ta je but ɗin motarta ta ɗauko wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, ta buɗe wani zane. Ta nuna mini tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa, da kuma ƙarfen ƙasa da ke riƙe da ƙafar. A zanen, su biyun suna kwance kusan layi ɗaya, don idan taya ta hau ko ta sauka su tafi tare. Ta ce in leƙa motar. Na leƙa ba da son raina ba. Tayarod ya ɗaga kai sama, ya rabu da ɗan'uwansa.

Na ce zane a takarda daban, mota daban. Ta ce, "To bari motan ya faɗa mana. Kar ka cire zaren. A samo kaya mai nauyi."

Maƙwabcina mai injin niƙa ya ara mana buhunan masara. Muka shimfiɗa kwali a kan bonet, muka ɗora su ta gefen hagu, wani mai gyaran bodin mota da ke kusa da mu ya hau ya zauna a kai, har gaban motar ya nutse kamar yadda zai yi idan ta faɗa rami. Sitiyari na nan a ɗaure, babu wanda ya taɓa shi. Na sa rula. Na ɗaga, na goge gilashin idona, na sake sawa. Ƙafar ta juya da kanta, kusan faɗin ɗan yatsa.

Madam ta yi bayani a hankali, ba ta yi mini dariya ba, kuma na gode mata da wannan. Lambobin takardar, in ji ta, na hanya ce mai santsi, da motar da aka canja wa ƙarafan ƙafa gaba ɗaya. Filin su Hamidu kuwa kwazazzabo ne da tudu. Duk ramin da taya ɗaya ta faɗa, za ta karkata inda ta ga dama, direba yana riƙe da sitiyari a miƙe. A gudun gari ba za a ji sosai ba. A gudun tsere, a kwana, sai dai a tarar da mota a kife. Na tuna Adda Mairo. Tsoro na ji, sannan kunya.

Da Hamidu ya zo bayan la'asar na ce masa motar ba za ta fita a haka ba.

"Haba Kawu! Kai da bakinka ka ce ta yi."

"Na faɗa. Kuskure na yi."

Ban taɓa furta wannan kalma a gaban ɗan da na haifa ko na 'yar'uwata ba, kuma ta yi mini nauyi a baki. Bai yarda ba, sai da na sa shi ya riƙe rular da hannunsa muka sake ɗora buhuna. Ya ga ƙafar ta motsa. Amma fuskarsa ba ta sake ba, don ya riga ya yi wa abokansa alfahari.

Ranar Juma'a na samo sifirin cikakke na mayar. Madam ta bar mini littafin, na auna motar a tsaye, na auna ta da buhu ɗaya, da biyu, da uku, ina rubutawa a bayan takardar Hamidu. Mota ta koma tsayinta na da, babu wani kwarjini. Ya ja ta ya tafi ko sallama mai kyau bai yi mini ba.

Ranar Asabar ban je filin ba. Na wuni a gareji ina taɓa wannan ina ajiye wancan. Gab da magariba Adda Mairo ta kira ni.

"Buba, me ka yi wa ɗanka? Ya dawo yana ta huci, wai ka mayar masa da mota ta tsofaffi, kowa ya wuce shi."

"Yana ina yanzu, Adda?"

"Ga shi nan zaune yana cin abinci."

"To bar shi ya yi fushinsa."

Ba ta san sauran labarin ba har yau. Abin da nake gaya wa masu koyon aiki shi ne, zarena bai yi ƙarya ba, ni ne na tambaye shi abu ɗaya na tsaya. Mota ba a tsaye take aiki ba, kuma shekarun da na yi a ƙarƙashinta ba su hana ni buƙatar wadda ta karanta abin da ban karanta ba. Na mayar wa Madam littafinta bayan na sa an kwafa mini zanen, yana nan manne a bango. Na mayar wa mai niƙa masararsa, na cika buhuna uku da yashi na ajiye kusa da gwangwanayen.