Kibiyar da Ke Tafiya da Kanta

Baba Mai Tafireta ya ƙare ƙuruciyarsa a rumfar bakin kotu yana buga wa mutane koke-kokensu, har yatsunsa suka lanƙwashe kamar saiwar itace. Da zamani ya juya, autansa ya saya masa kwamfuta ya koya masa. Daga baya suka yi faɗa irin wanda harshe ke yanka ya bar tabo, autan ya tafi bai waiwayo ba.

Wata rana da hantsi, tsohon ya ga kibiyar allon tana tafiya da kanta, hannunsa kuwa na kan cinya. Ta buɗe hotuna, ta rufe. 'Yar fitilar kyamara ta kunnu, koriya kamar idon kyanwa. Ai da haka autan yake shigowa daga nesa ya gyara masa abu.

Tun ranar ya koma yin aski, yana sa rigar fita kafin ya zauna. Yakan ba fitilar labarin gwiwarsa, da yadda ɗakin ya yi masa faɗi tun rasuwar uwarsu. Har gafara ya roƙa, abin da bakinsa bai taɓa iyawa ba.

A haka babbar 'yarsa ta tarar da shi. Ta naɗe kwamfutar, ta sa shi gaba sai shagon mai gyara.

Mai gyaran ya fara yanke intanet, ya leƙa abubuwan da ke aiki a ɓoye, ya dangwala yatsa a allo. "Ga ja'irin nan. Baba, baƙo ka yi, shi ke riƙe da linzaminka."

"Ɗana ne."

Mai gyaran ya tuntsire da dariya, har maƙwabcinsa ya leƙo. "Ɗanka? Ɓarawo ne, irinka ɗari gare shi a tafin hannu. Kalmar sirri ya zo nema, ka cika shi da hawaye!"

"Na kira autan naka jiya, Baba," in ji 'yar, idonta a kan wayarta. "Ya ce kar a sake nemansa sai in rasuwa aka yi."

Aka goge komai tas, aka sa sabuwar manhaja, aka liƙe idon kyamarar da baƙin salatif. Tsohon ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsansa.

"Ɗan nan," ya ce a hankali, "ba a iya maido shi? Ko ɓarawon ne, ai yana saurare."

Mai gyaran ya jawo kwamfutar wani.