Takarda Mai Jure Danshi

Littafina na farko ruɓewa ya yi. Irin littafin nan nake nufi da mutum ke haɗawa da hannunsa, ya liƙa hotuna da katin biki da guntun ƙyallen anko, ya ɗan yi rubutu a ƙasa don kada a manta. A waya na ga wasu mata suna yi, abin ya shiga raina. Abin da ban lura ba shi ne matan nan a garuruwan da shanya ke bushewa suke zaune. Mu kuwa a unguwarmu ta Akébé, nan Libreville, sai ki wanke zani yau, jibi ki taɓa shi ki ji kamar yanzu kika matse.

Da kullun fulawa na fara liƙi, kyankyasai suka yi walima da shi. Na koma gam ɗin yara na lakwal, wato makaranta, damina ta zo ta jiƙa shi, shafuka suka manne da juna, fumfuna ta fito fara sol a kan fuskar 'yata ta fari a hoton sunanta. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Daga nan na zama mai bincike. Na gane kwali mai kauri marar sheƙi ya fi daɗewa. Na gane ƙyalle ɗinka shi ake yi da zare, ba a liƙa shi. Hoto kuma a tsaga masa kusurwa huɗu a soka shi, kada a rufe shi cikin leda, don gumi yake yi a ciki. Ko takarda zan saya sai na lasa yatsa na goga a gefenta na ga yadda za ta yi. Masu kanti sun sha kallona kamar mai taɓin hankali.

Dama ni haka nake, ba a miƙo mini abu na karɓa ban juya bayansa na duba ba. Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune a wurina tun rasuwar Baba, takan ce ko ruwa aka ba ni sai na leƙa ƙasan kofin.

Yayana kuwa, babban wanmu mai shagon tayoyi a Alibandeng, ba abin da ya raina kamar wannan aiki nawa. In ya zo gaida Inna ya tarar da ni cikin almakashi da ƙyallaye, sai ya ce, "Auta, har yanzu ba ki gama lakwal ɗin yara ba?" Saboda haka ranar da ya bar shagonsa da tsakar rana, ya zo ya zauna a tabarmata yana juya sabon littafina a hankali kamar mai duba Alƙur'ani, gabana ya faɗi.

"Aikin nan ya yi kyau," in ji shi.

"Yaya, lafiya dai?"

"Lafiya lau. So nake ki yi wa Inna irinsa. Zamanta duka na garin nan, tun zuwansu da Baba. Ni zan sayi kayan."

Na dubi Inna. Tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Inna ce fa, wadda ko cokali ya faɗi a gidan maƙwabta sai ta tambayi wa ya yar.

Washegari ya ɗauke ni a motarsa zuwa wani kantin kayan lakwal a unguwar da ake kira London, nan cikin gari. Mutumin da ko takalmin sallar 'ya'yansa matarsa yake aika ta sayo, yau shi ne tsaye a gaban kwalaye yana shafawa. Na jawo irin wanda na amince da shi, mai kauri, na lasa yatsa na goga. Ya karɓa ya ɗora a tafin hannu yana jinjinawa.

"Wannan ya yi nauyi. Babu marar nauyi?"

"Marar nauyi ba ya jure danshi."

"Ki bar zancen danshin nan, Auta."

Na bar zancen danshi? A Libreville? A garin da gishiri ke zama ruwa a cikin kwalba? Na bar su, na kasa kunne. Muka zo kan gam, sai na ji ya juya harshe yana tambayar mai kanti da Faransanci ko wannan gam ɗin yana tsagewa in ya sha zafi ya bushe ƙayau. Mai kantin ya yi dariya, ya ce shi dai tun da ya buɗe kanti ba wanda ya taɓa kawo masa ƙarar bushewa. Yaya bai yi dariya ba. Ya ware yatsunsa ya auna faɗin kwalin da taƙi, ya ce kada littafin ya wuce haka.

A mota na yi ta haɗa abin a raina. Littafi marar nauyi, mai ƙayyadadden faɗi, wanda ba ruwansa da danshi amma ana tsoron ya bushe ya tsage. Wannan littafin a jaka za a sa shi, kuma wurin da za a kai shi busasshe ne. Wuri ɗaya na sani haka da ya shafe mu: Maradi, garin su Inna, inda ni ban taɓa kwana ba. Yaya mayar da Inna gida zai yi, ya rufe mini baki da kwali da gam. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Duk da haka ban tunkare shi ba. Zargi na da shi, hujja ce ba ni da ita, kuma Yaya mutum ne da in ka tare shi da rabin magana zai murɗe ta har ka ba shi haƙuri. Sai na ce bari na gwada Hajiya.

Hajiya aminiyar Inna ce, gidanta na bayan namu, tare suka yi kusan duk ankon da aka yi a unguwar nan. Lokacin da nake littafina na farko na taɓa roƙonta guntun wata atamfa da ta sa a bikina. Ranar na sha tambaya. Me zan yi da shi, wa ya aike ni, ina zan kai shi. A wurinmu ba a ba da yankin tufar da ta taɓa jiki haka kawai, kowa ya san abin da mugun mutum ke iya yi da shi. Ƙarshe dai hana ni ta yi, kuma ta yi mako tana amsa gaisuwata da hanci.

Wannan karon ko gama bayani ban yi ba ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. Ta fito da atamfofi da shadda da leshi, ta ɗauki almakashi da hannunta tana yanka tana ba ni labari. Wannan na sunan Yaya ne. Wannan na ranar da su Baba suka dawo daga Makka. Wannan kore shi ne wanda suka yi faɗa da tela a kansa, ita da Inna, har suka ƙwace ɗinkin ba a gama ba. Ba ta tambaye ni komai ba. Da ta zo kan wani shuɗi mai zanen tsuntsaye sai ta tsaya, ta goge ido da gefen mayafi.

"Hajiya, me ya faru?"

"Ba komi, ɗiyata. Hayaƙin gawayi na."

Ba a hura wuta a gidan ba ranar. Na fito da ƙyallaye cike da leda. Ashe har Hajiya ta sani. Na fara waiwayen abubuwan da na gani ban kula ba. Babbar tukunyar Inna ta biki, wadda ba ta ba da aro, ga ta can a gidan matar Yaya. Turminta ta ce wai ya tsufa, ta bai wa maƙwabciya. Kowa a unguwar nan ya san uwata za ta tafi, ban da ni da nake dafa mata abinci.

To, sai na yi abin da na iya. Kwalin Yaya marar nauyi na tura shi ƙarƙashin katifa. Na koma London ni kaɗai na sayo mai kaurin, na sayo gam mai wari wanda ruwa ba ya narkarwa. Na je wurin wani kafinta a bakin layinmu na sa ya yanko mini falanki biyu, faɗinsu ya kusa na faranti babba, ya huda su na zura igiya, suka zama bango. Na ce in dai littafin nan ne guzurin tafiya, to sai dai a yi masa nasa tikitin jirgi. Wauta ce, na sani, amma ita kaɗai ce a hannuna. Gani nake in littafin ya ƙi shiga jaka, wataƙila Inna ma ta ƙi.

Kwanaki ina ɗinki a tsakar ɗaki, Inna na gefe tana kallo. Wani lokaci ta ce wancan ƙyallen ya riga wannan, na sake jeri. Muna zaune muna gadin juna.

Ranar da abin ya fashe ruwa ake yi tun safe, irin wanda ke sa a kunna fitila da azahar. Ina soka hoton Baba a shafi, Inna ta miƙo hannu ta ɗaga bangon falankin, ta jinjina shi, ta ajiye.

"Wanga littahi ko ƙohwar ɗaki?"

"Da gangan na yi," na ce. "Inna, na san komai. Yaya zai kwashe ki ya kai Maradi. Kin yi masa nauyi ne? Ni na ce kin yi mini nauyi? In ya gaji da sayen magani ya faɗa, ni zan saya."

Ta bar ni na gama tas, har da abin da bai kamata na faɗa a kan Yaya ba. Sannan ta gyara zama.

"Yayanki kuka ya yi da na gaya mashi, kamar ƙaramin yaro. Ni na ce za ni. Littahin ga dabararshi ce, wai in tahi da ku cikin jaka. Ni kuma na ce kada a gaya maki sai kin gama, don na san ki. Da kin ji, da ba ki ɗinka ko ƙyalle guda ba."

"Me muka yi miki?"

"Ba ku yi mani komi ba." Ta juya ta kalli ruwan da ke zuba daga kwano. "Ke ba ki je maƙabarta ba ranar da anka kai babanku. Yayanki ya je, ki tambaye shi. Da bokiti anka riƙa kwashe ruwa daga ramin kahin a sa shi. Tun ran nan ban sake jin ruwan sama na yi barci mai daɗi ba. Ni rairayi nike so, ɗiyata, inda anka sa uwata. Kuma so nike in tahi da ƙahwata, in ga ƙanwata da idona, ba a kai mata labari ba."

Duk zargin da na tara, na Yaya, na Hajiya, na matar Yaya da tukunya, ya zube a gabana ba shi da amfani. Na shirya faɗa da kowa, ban shirya faɗa da Inna ba. Na kifa kaina a gwiwarta na yi ta kuka, tana shafa bayana tana cewa in yi a hankali kada na jiƙa hoton Baba.

Da na lafa sai ta ce, "Wane gam kika sa?"

"Mai jure danshi."

"Takardar hwa?"

"Ita ma."

"Madalla, kin yi daidai. Nan za shi zauna. Ni mi zan yi da ƙyallaye? Duk na san su. 'Ya'yanki ne ba su sani ba."

Sai ta ce in miƙo almakashi. Ta kama gefen zanin da ke jikinta, wani tsohon ja da ta fi so, ta yanko kamar faɗin tafin hannu ta ba ni. Matar da ko zaren da ya zare daga tufarta ba ta yarda ya faɗi a ƙasa, sai ta tsince ta ƙona.

"Ki ɗinka shi a na ƙarshe," ta ce. "Ki ja zaren da kyau."

Bayan ƙaramar salla Yaya ya raka ta. Jakarta ɗaya ce, ba ta ma cika ba. Kwalinsa marar nauyi har yau yana ƙarƙashin katifata, ban taɓa gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba.

Littafin yana kan kabad, nesa da bango. Damina nawa ta wuce a kansa, ko ɗigon fumfuna babu, gam bai saki ba, hotuna ba su manne ba. In rana ta fito nakan sauko da shi, yara su taya ni ɗauka, mu buɗe shi ya sha iska. Da farko in na kai shafin ƙarshe nakan sa hancina a jan ƙyallen na ji turaren Inna. Na bincika takarda, na bincika gam da zare, amma ban taɓa tunanin tambayar kowa abin da ke riƙe ƙanshi ba. Damina biyu ƙanshin ya yi, ya tafi.