Facin da Ƙasimu Ya Ƙi Amsa Sunansa

Duk unguwar Anbariyya ta Madina babu wanda bai san shagon Baba Ƙasimu mai gyaran alkyabba ba. A Madina aka haife shi, kakansa ne ya zo aikin hajji daga Katsina bai koma ba. Gyaran bishti ya gada, wato alkyabbar Larabawa, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: in ya yi maka faci, ko matarka ba za ta gane inda ya yage ba. Yakan ce telan da ɗinkinsa ya nuna, gara ya koma sayar da dabino.

Wata ranar Talata Dakta Sakinatu ta shigo masa da kwali. Malamar jami'a ce daga Zariya, aikinta nazarin kayan sarauta da fuskokin dodanni na ƙasar Kwango, da adana su kada su lalace. Tun ba ta buɗe ba ya gargaɗe ta cewa abu mai ido da hanci ba zai kwana a shagonsa ba. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, hular sarauta ce ta zaren tukurwa da wuri, wani gida suka gada daga kakansu alhaji, gefenta ya soma zarewa.

Sai ta kawo sharaɗin da ya kusa sa shi haɗiye allura. A ƙa'idar aikinsu, in ji ta, dole facin ya fito fili, kuma ya warwaru cikin sauƙi, don na baya su bambance hannun mai saƙar asali da na mai gyara. Ƙasimu ya ce to. Amma hali zanen dutse ne. Tana fita ya tsefe zaren tukurwa, ya rina shi da shayi har ya yi kalar tsufa, ya saƙa shi ciki tsaf.

Da ta dawo ta juya hular, ta sake juyawa, ta ɗauko gilashin ƙara girma. Shi kuwa yana gefe yana shafa gemu, yana jiran yabo. Maimakon yabo, sai ya ga idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ka sa hular ta yi ƙarya. Yanzu wa zai san inda mai saƙarta ya tsaya?"

Wannan magana ta soke shi, don Ƙasimu bai taɓa ɗaukar kansa maƙaryaci ba. Ya karɓi hular zai nuna mata wurin, shi ma ya rasa. Sai da ya rufe ido ya bi da yatsa kafin ya gano nasa zaren, ya warware aikin da bai taɓa yin mai kyansa ba, yana tsaki. Ya sake ɗinkewa da zare mai haske, wanda ko daga bakin titi ana hango shi.

Dakta ta ji daɗi ƙwarai. Ya roƙe ta don Allah kada kowa a unguwa ya ji. Ta ce ai dole a rubuta sunan mai gyara, a ajiye tare da hular har abada.

Ƙasimu ya daɗe yana kallon facin. Akwai wani tela a unguwar Sultana, mai suna Mu'azzam, da ya shekara yana ƙwace masa masu kawo gyara.

"Khalas, ya binti, shi ke nan 'yata," ya ce a hankali. "Rubuta Mu'azzam."